Launin da ke tona asirin ƙwayoyin hapis

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje yana aikin da ake kira ELISA, zai tuna da wani ɗan farantin roba da bai fi tafin hannu da yawa ba, mai ramuka 96 a jere kamar gurabun dara: layi 8, kowane layi rami 12. Tun hantsi ake hidima da shi. A ɗiga ruwan jini, a jira, a wanke, a ɗiga wani ruwan, a jira, a sake wankewa. Duk tsawon sa'o'in nan babu abin da ido zai kama, har baƙo ya fara zargin ko ruwa kawai ake wasa da shi. Sai can a ƙarshe a ɗiga wani ruwa garau, a kare farantin daga haske. Cikin 'yan mintoci wasu ramukan su soma yin shuɗi, wasu su yi shuɗi sosai kamar an tsoma su a marina, wasu kuwa su tsaya fes yadda suke. Daga nan a zuba asid ya tsayar da aikin, shuɗin ya juye ruwan ɗorawa, a tura farantin cikin na'ura ta auna kaurin launin kowane rami, ta fitar da lamba.

Abin da ya rina ramukan nan ya fito ne daga saiwar wani tsiro mai yaji da Turawa ke ci da nama. Yadda aka yi wannan saiwa ta zama ɗaya daga cikin manyan makaman farautar ƙwayoyin cuta, labari ne da ya kai shekara 60. Kuma babu dangin ƙwayoyin cuta da suka gwada ƙarfin wannan dabara, suka kuma fallasa rauninta, kamar dangin hapis.

Gida ɗaya, ɗiya takwas

Sunan da likitoci ke rubutawa herpes daga Girkanci ya fito, daga kalmar da ke nufin rarrafe, saboda yadda ƙurajen ke bin fata a hankali. Da yawa daga cikinmu in sun ji sunan, ciwon al'aura kaɗai ke zo musu a rai. Alhali gida ne babba, mutum yana ɗauke da nau'i takwas daga cikinsa, wasu masanan ma suna ƙirga tara. Akwai mai fesowa a leɓe bayan zazzaɓi, ana ce masa HSV-1. Akwai ƙaninsa HSV-2, wanda ya fi zama a al'aura. Akwai mai kawo ƙarambau. Akwai CMV, wanda ba ya damun mai lafiya amma yana iya kurumtar da jariri tun daga ciki, ko ya kwantar da wanda aka yi wa dashen ƙoda. Akwai EBV da KSHV, biyun da ke da hannu a wasu nau'o'in sankara. Sauran biyun kan kama yara tun suna goye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da HSV-1, wato kashi 64 cikin 100, yayin da mutum miliyan 520 masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da HSV-2.

Halin da ya haɗa su shi ne, in sun shiga ba sa fita. Yaro ya yi ƙarambau ya warke, uwa ta yi hamdala, amma ƙwayar ta bi jijiya ta je ta kwanta a ƙullutun jijiyoyin da ke gefen laka. Bayan shekara 40 ko 50, in garkuwar jiki ta yi sanyi, sai ta farka ta biyo jijiyar nan ta fito a matsayin ƙuraje masu raɗaɗi kamar wuta, a gefe ɗaya na jiki, sun yi ɗamara rabi. Mai bincike da ke son sanin inda take kwana, da lokacin da take tashi, yana neman abin da madubin likita na yau da kullum ba ya iya gani, domin ƙanƙantarta ta wuce ƙarfinsa.

Mafitar tana cikin jiki da kansa. Duk baƙon da ya shigo, jiki yana ƙera masa wani furotin da ake kira antibodi, wanda ke gane wani ɓangare na baƙon ya manne masa kamar makulli da kwaɗonsa. In ka yi wa zomo ko akuya allurar wani furotin na ƙwayar hapis, bayan 'yan makonni jininsu zai cika da antibodin da ke neman wannan furotin duk inda yake. To amma shi ma antibodin ba a ganin sa. Ka aiki ɗan sanda ya kamo ɓarawo cikin duhu, ya kama kuwa, amma ba ka san inda suke tsaye ba. Sai an ba shi fitila.

Albert Coons na Jami'ar Harvard ne ya fara ba shi fitilar a 1941, da ya liƙa wa antibodi wani sinadari mai ƙyalli idan an haska shi da haske na musamman. A 1954 shi da Thomas Weller suka gwada dabarar a kan ƙwayoyin da aka noma daga masu ƙarambau da kuma masu ƙurajen ɗamarar nan. Ruwan jinin waɗanda suka warke daga ɗayan ciwon ya manne wa ƙwayar ɗayan, abin da ya ƙarfafa hujjar cewa mai laifin ɗaya ne. Sai dai fitilar Coons tana da tsada: tana buƙatar madubi na musamman da ɗaki mai duhu, kuma ƙyallin yana dusashewa, ba a iya adana gilashin a dawo masa bayan shekara. Wata hanyar da Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka ɓullo da ita a New York wajen 1960 ta yi amfani da sinadarai masu fitar da radiyeshan. Tana da kaifi ƙwarai, har ta jawo wa Yalow kyautar Nobel a 1977, amma ba kowane asibiti ne zai iya ajiye irin wannan kaya ba, balle zubar da shararsa.

Daga goro zuwa saiwa

Wanda ya taɓa tsaga farin goro ya ajiye, ya ga yadda fuskarsa ke rinewa cikin ɗan lokaci, ya riga ya ga aikin enzayim. Enzayim furotin ne mai ingiza wani sinadari ya rikiɗe ya zama wani, shi kuwa ba ya ƙarewa. Yana gama da wannan ya kama na gaba. Nan ne sirrin yake. Sinadari mai ƙyalli iyakar haskensa ke nan, ba ya ƙaruwa. Amma enzayim guda ɗaya, in ka ba shi abin aiki da lokaci, zai rina dubbai. Ɗan abin da ya manne sai ya zama launin da ido ke gani.

A 1966 ƙungiyoyi biyu, kowacce da kanta, suka ɗaura enzayim a jikin antibodi: Paul Nakane da Barry Pierce a Jami'ar Michigan ta Amurka, da Stratis Avrameas da José Uriel a Faransa. A wannan shekarar kuma Richard Graham da Morris Karnovsky suka bayyana wani sinadari, DAB, wanda enzayim ke mayarwa ruwan ƙasa, ya kuma daskare a daidai wurin da aka yi aikin, ba ya narkewa. Enzayim ɗin da ya fi karɓuwa shi ne feroksidas na saiwar tsiron nan da Turawan Ingila ke kira horseradish, ɗan uwan kabeji. Abin dariya, su waɗannan Turawan da suka ɗanɗani saiwar zogale, sunan tsiron nan suka laƙaba wa zogalenmu saboda yajin ya yi musu kama. Feroksidas ƙarami ne, ba ya hana antibodi kutsawa cikin nama, yana da araha, yana da juriya, kuma abokin aikinsa shi ne ruwan haidurojin ɗin da ake wanke ciwo da shi yana kumfa. Na biyunsa a farin jini, alkalin fosfatas, daga hanjin maraƙi ake samo shi.

A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann a Jami'ar Stockholm ta Suwidin, da Bauke van Weemen da Anton Schuurs a Holan, suka sauke dabarar daga kan gilashi zuwa cikin ruwa, ta yadda za a auna yawa, ba wuri kaɗai ba. Engvall da Perlmann ne suka raɗa sunan ELISA. Shekara huɗu bayan haka, a Kambirij, Georges Köhler da César Milstein suka gano yadda za a riƙa samar da antibodi iri ɗaya tak, mai gane gaɓa ɗaya tak, ba tare da ya ƙare ba. Kafin nan, kowane zomo da irin antibodinsa, in ya mutu kuma shi ke nan.

Ya kamata mai karatu ya riƙe wani bambanci, domin yawancin ruɗanin da ake samu a sakamakon gwaji daga nan yake. Tambaya biyu ake yi da kayan aiki ɗaya. Ta farko: ƙwayar tana nan yanzu a cikin wannan naman? Ta biyu: jikin mutumin nan ya taɓa haɗuwa da ita? A ta farko, ɓarawon ake nema. A ta biyu, sawunsa. A ta biyun ana shafe ramin da furotin na ƙwayar, a zuba ruwan jinin mutum. In yana da antibodi sai ya manne, sannan a kawo antibodin akuya mai gane antibodin ɗan Adam, ɗauke da enzayim, ya hau kansa.

Tambayar farko ita ce ta likitan da ke duba nama. Ciwon dajin Kaposi, wanda ya yawaita a Afirka tun kafin zuwan cutar ƙanjamau ya kuma ƙaru bayanta, yana fitowa da tabo da ƙulluwa masu duhu a fata, kuma akwai cututtukan fata da dama da ke kama da shi ko a ƙarƙashin madubi. Bayan da Yuan Chang da Patrick Moore suka gano KSHV a Jami'ar Columbia a 1994, an samu antibodin da ke gane wani furotin nasa mai suna LANA. A yanka naman siriri fiye da fatar albasa, a ɗora a gilashi, a bi matakan. In Kaposi ne, cibiyoyin sel ɗin ciwon za su fito da ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, kamar jikin zabuwa. Gilashin nan kuwa ana iya ajiye shi shekaru a akwati, a nuna wa ɗalibai da madubi na yau da kullum.

EBV kuma labarinsa ya ratsa ta ƙasarmu. Denis Burkitt ya bayyana sankarar muƙamuƙin yara a Kampala ta Yuganda a 1958, kuma daga naman da ake aikawa daga can ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga ƙwayar a Landan a 1964. A daidai wannan lokacin, a 1963, Robert Pulvertaft ya yi nasarar rayar da sel daga irin wannan ciwon a jikin wani yaro ɗan Nijeriya a Ibadan. Zuriyar sel ɗin nan, da ake kira Raji, har gobe ana noma su a ɗakunan bincike a faɗin duniya, ɗauke da EBV a cikinsu. Abin lura shi ne, a cikin sankarar Burkitt ƙwayar tana ƙera furotin kaɗan ne ƙwarai, don haka masu duba nama sun fi neman wasu ƙananan saƙonninta na RNA. Amma ko a nan ɗin, abin da ke fito da launin a matakin ƙarshe antibodi ne mai ɗauke da enzayim.

Kama da wane ba ta wane

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A wannan sana'a, gani ne farkon tuhuma. Launi ba ya cewa ga ƙwayar cuta. Abin da yake cewa kawai, ga wurin da enzayim ya yi aiki. Yadda enzayim ɗin ya isa wurin, wannan tambaya ce dabam.

Jikin mutum ma yana da nasa feroksidas. Jajayen ƙwayoyin jini da wasu daga cikin farare za su rina DAB ko ba a sa antibodi ba, shi ya sa ake fara jiƙa naman da haidurojin a kashe na gida kafin a kawo na baƙo. Wanke da bai fita ba yana barin launi. Sannan hapis tana da nata makirci: HSV tana ƙera wasu furotin biyu, gE da gI, waɗanda ke cafke antibodi ta wutsiya maimakon ta kai, don su kare kansu daga garkuwar jiki. Sel ɗin da ya kamu yana iya riƙe antibodin mutum ko na zomo wanda ba ruwansa da hapis sam. Mai binciken da ke neman wani furotin dabam a cikin irin wannan sel zai ga launi ya yi murna, alhali wutsiya aka kama. Antibodin ɓera ba ya faɗawa wannan tarkon, wanda yana cikin dalilan da ake fifita shi a irin wannan aiki.

Babbar matsala ita ce kamannin 'yan gida. HSV-1 da HSV-2 sun yi tarayya a yawancin furotin ɗinsu, ta yadda gwaje-gwajen farko ba sa iya raba wanda ya samu ƙurajen leɓe tun yana yaro da wanda ya kamu ta hanyar saduwa. Ba sai an faɗi abin da irin wannan kuskure zai haifar a gidan aure ba. An samu sauƙi da aka koma ga wani furotin na fatar ƙwayar, gG, wanda ya bambanta sosai tsakanin su biyun. Gwaje-gwajen da aka gina a kansa suka shiga kasuwa wajen shekarar 2000, aka auna su da gwajin Western blot na Jami'ar Washington da ke Seattle, suka yi kyau a kan jinin Amurkawa.

Da aka kawo su Afirka sai lissafi ya canza. Wani nazari da aka wallafa a 2011, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen kudu da Sahara, ya nuna cewa gwajin HerpeSelect, in aka bi ma'aunin da kamfanin ya gindaya, yana kama kusan duk masu HSV-2, amma kuma yana shafa wa kusan mutum 3 cikin kowane 10 da ba su da ita. Wani gwajin, Kalon, kuskurensa ya tsaya wajen 1 cikin 10. Yawancin sakamakon ƙaryar yana taruwa ne a ƙasa-ƙasa, daga lamba 1.1 inda aka ja layi zuwa wajen 3.5, inda launin ya fito amma bai yi kauri ba. Masana na zargin wasu antibodin da jiki ya tara daga wasu cututtukan ne ke manne wa ramin. Ko a Amurka, hukumar CDC tana ba da shawarar a tabbatar da irin wannan sakamako da gwaji na biyu, kuma kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafin cututtuka a can ya ce kada a riƙa yi wa marasa alamun ciwo wannan gwaji haka kawai. A ganina, wannan darasi ya fi shafar mu fiye da su. Da yawa daga cikin kayan gwajin da ke kantunanmu an auna su ne da jinin wasu mutane a wata nahiya, kuma takardar sakamakon da ake miƙa wa majiyyaci sau da yawa kalma ɗaya ce a kanta, ba lamba, ba bayani. Ga kuma lokaci: antibodin HSV-2 na iya ɗaukar har mako 12 kafin ya bayyana, don haka ramin da bai yi launi ba shi ma ba rantsuwa ba ne.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na ƙwayar ƙarambau. Shekaru da dama ana wallafa hotunan jijiyoyin mutanen da suka rasu, an rina su, ga launin ruwan ƙasa a cikin sel, ana cewa shaida ce ta cewa ƙwayar tana ƙera furotin ko tana barci. Abin da ya ɗaure kai shi ne, wasu gawarwakin suna nunawa, wasu ba sa nunawa. A 2012 masu bincike a ɗakin Ann Arvin a Jami'ar Stanford suka gano bakin zaren: waɗanda ke nunawa masu rukunin jini A ne. Ruwan jikin ɓera da na zomo da ake samo antibodin daga ciki yana ɗauke da wasu antibodin na asali masu gane alamar rukunin A, alamar kuwa tana nan a cikin sel ɗin jijiya. Ba ƙarambau ake ta ɗauka hoto ba, rukunin jinin mamacin ne. Shi ya sa ma'aikacin kirki ba ya yarda da gilashi ɗaya. Dole a gefe ya ajiye naman da ya tabbata akwai ƙwayar, da wanda ya tabbata babu, da wanda aka bi duk matakai amma aka sa antibodin da ba shi da alaƙa da abin da ake nema.

Akwai kuma iyakar da dabarar ba ta ƙetarewa. HSV da ke kwance a ƙullutun jijiya kusan ba ta ƙera furotin, antibodi kuwa furotin yake nema. Wanda ya yi lamo a ɗaki ya kashe fitila, ɗan sanda zai wuce ta ƙofarsa. Gwajin PCR, mai neman DNA ɗin ƙwayar kai tsaye, shi ya cike wannan giɓi, kuma tun shekarun 1990 ya karɓe wasu ayyukan gaba ɗaya. A da, tabbatar da cewa HSV ta shiga ƙwaƙwalwa yakan kai ga ɗebo ɗan naman ƙwaƙwalwar. Yanzu ruwan laka ya isa. Amma PCR yana niƙe naman ne kafin ya ba da amsa. Zai ce maka ƙwayar tana nan, ba zai nuna maka a wane sel take ba, ko tana aiki ko tana barci. A dangin da kusan kowa ke ɗauke da su, wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Majiyyacin da aka yi wa dashe yana gudawa, an samu DNA ɗin CMV a hanjinsa: ita ce ke cin sa, ko 'yar kallo ce? Gilashi mai launin ruwan ƙasa a cibiyar manyan sel, a gefen gyambon, shi ke raba gardama.

A garke da akurki

Dabbobi ma suna da nasu hapis. Masu kiwon kaji sun san cutar Marek, mai shanye ƙafa da fuffuke, wadda saboda ita ake yi wa 'yan tsaki allura tun ranar ƙyanƙyasa. Shanu suna da wadda ke kama hanci da maƙogwaro, tana kuma sa ɓari. A nan ne likitocin dabbobi na Turai, musamman a Holan, suka yi wata hikima. Matsalarsu ita ce, saniyar da aka yi wa rigakafi da wadda ta kamu da cutar duk suna da antibodi, gwaji ba ya raba su, don haka ƙasar da ke son kawar da cutar ba ta san wacce za ta fitar daga garke ba. Sai suka ƙera rigakafi da ƙwayar da aka cire wa furotin gE, wato takwaran gE ɗin HSV da aka ambata a baya. Saniyar da aka yi wa allura za ta samu antibodin komai ban da na gE. Wadda ta haɗu da ƙwayar daji kuwa tana da shi.

Gwajin da ke raba su a juye yake aiki. Ana shafe ramin da furotin na ƙwayar, a zuba ruwan jinin saniya ko madararta, a wanke, sannan a kawo antibodin gE mai ɗauke da enzayim. In saniyar ba ta taɓa kamuwa ba, gurbin gE yana nan a buɗe, mai enzayim ya zauna, rami ya yi shuɗi. In ta taɓa kamuwa, nata antibodin ya riga ya tare wurin, mai enzayim ya rasa mazauni, wanki ya tafi da shi. A wannan farantin, makiyayi shuɗi yake fata.

Matsalar ita ce, abubuwa da yawa suna hana rami yin launi ban da cuta. Antibodi mai enzayim yana son sanyin firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba daskarewa ba, ba zafin bayan mota ba. Kwana biyu babu wuta a watan Afrilu na iya raunana kwalba guda. Sodiyam azaid, sinadarin da ake yawan sa wa ruwan gwaji don kada ya lalace, yana kashe feroksidas nan take, kuma sabon ma'aikaci kan koyi wannan ne bayan ya yi asarar faranti. Saboda haka kafin a karanta sakamakon saniya ko ɗaya, ana fara duba ramukan kusurwa, inda aka zuba jinin da aka riga aka san lafiyayye ne. In su ma sun tsaya fes, sai a zubar da farantin, a ɗauko sabuwar kwalba, a sake daga farko.